Kwali Mai Taga

Talata, 19 ga Janairu 2010

Yau na gane.

Wasiƙar ta'aziyya ce ta zo daga Mayahi, daga abokin Malam, maigidana, da suka yi lakwal, makarantar boko, tare. Da faransanci ya rubuto. Nawa faransancin a aji biyar ya tsaya, sai na miƙa wa yarinyar na ce ta karanta mana. Ga Inna, mahaifiyar Malam, zaune bakin ƙofa, ga mata biyu da suka zo gaisuwa.

Ta riƙe takardar da hannu biyu. Ta ɗora yatsa kan layin farko, bakinta yana motsi, babu abin da ke fitowa. Kalma ɗaya ta fito, ta biyu ta karye a tsakiya. Na ga zufa a hancinta, da wannan sanyi. Can sai ta ɗaga kai, karatu ya zubo kamar ruwa daga tulu. Matan suka ce, "Masha Allah, ta gaji ubanta." Inna har da share hawaye.

Ni kaɗai na san ba wasiƙar take karantawa ba. Darasin kogin Kwara ne, na littafinsu. Na sha jin Malam yana karanta mata shi a bayan zana, har inda yake tsayawa ya ja numfashi, nan ita ma ta tsaya.

Kwana arba'in da shida da rasuwarsa. Yarinyar tana aji shida, bana za ta yi jarrabawar shiga kolej ɗin Tasawa, kuma ba ta iya karatu ba.

Laraba, 20 ga Janairu

Yaya aka yi ban sani ba? Na san yadda aka yi. Ita ce ta fari. Shekara goma sha uku ban kira sunanta ba, ban zaunar da ita kusa da ni ba, ban taɓa buɗe kayenta, littafin rubutunta, ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka yi da ita. Ko a wannan kaye da ba mai gani, hannuna ya ƙi rubuta sunan.

Malam ne ya ƙi wannan kunya. Kullum bayan la'asar yana ƙarƙashin bishiyar bedi da ita da littafi. Mutane suna yi masa dariya, wai boko ya cinye masa kunya. Ni ma na ɗauka shagwaɓa ce.

Alhamis, 28 ga Janairu

Sakamakon kwampozisiyo, jarrabawar aji, ya fito. Da ita ce ta huɗu. Yanzu ta hamsin da ɗaya cikin sittin da uku.

Inna ta ce firgicin mutuwa ne ya taɓa mata kai, tunda a gabanta ya cika. An karɓo rubutu an ba ta ta sha. Ta shanye ba musu.

Asabar, 6 ga Fabrairu

Yaya Bawa, wan Malam, ya zo da saƙon dirakta, shugaban lakwal. Daga zaure ya yi magana. Wai ba za a sa sunanta cikin masu jarrabawa ba, kada ta jawo wa lakwal faɗuwa. Kuma wai yanzu an gane, marigayi ne yake yi mata aikin gida.

Mutumin da ya rubuta wa rabin garin nan wasiƙu bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba.

Na ce, "Yaya, baɗi fa?" Ya ce baɗi shekarunta sun wuce, kolej ɗin gwamnati ba za ta ɗauke ta ba. "Bana ce ko babu, Habsatu. Ki bar wa Allah."

Ina cikin takaba. Ko ƙofar gida ba na takawa, balle ofishin dirakta.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Rediyo ta daina magana, sai kiɗan soja. An ce an yi harbi a Yamai, sojoji sun karɓi mulki. An sako yara tun kafin lokaci. Inna ta ce ita wannan ne na huɗu da ta gani, ba wanda ya cika mata rumbu.

Tsoro biyu nake ji. Kada a rufe lakwal shekarar ta tafi a banza. Kada kuma a buɗe, a yi jarrabawar ba ita.

Laraba, 24 ga Fabrairu

Na tambaye ta. Sai da na bari ta juya baya tana tankaɗe, ni kuma ina kallon murhu. Na ce, "Ke, ranar nan ba wasiƙar kika karanta ba."

Rariyar ta tsaya.

Ta ce baƙaƙen ba sa zama wuri ɗaya. In ta kama layi sai na ƙasa ya hau kansa. A aji kuwa gaba ɗaya ake karatu da ƙarfi, yara sittin baki ɗaya, wa zai gane? Babanta yana karanta mata darasin gobe sau biyu, ta haddace, gobe ta riƙe littafi ta zuba. Dikte, wato shifta, kaɗai ke tona ta, shi kuma lissafi yana rufe mata.

"Baba ya ce kada in gaya wa kowa, za su ce ni doluwa ce."

Na ce, "Har ni?" Ta ci gaba da tankaɗe.

Har ni, Malam. Shekara shida kana ɗauke da wannan kai kaɗai, muna kwana ɗaki ɗaya. Ban san ana jin haushin mamaci ba sai yau. Allah ya gafarta mini.

Talata, 2 ga Maris

Na rubuta takarda da Hausa zuwa ga malamin ajinsu, Mushe Mumuni, kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Sau uku ina yagewa. Na gaya masa duk abin da ta gaya mini. Na tona asirin da Malam ya rufe. In suka mai da ita abin dariya, ni na jawo.

Juma'a, 5 ga Maris

Amsa ta zo a bayan takardata. Ya ce ya ji kunya, wata biyar tana gabansa bai lura ba. Akwai wata mata a ofishin anspekta, mai duba makarantu, a Tasawa, Madam Kadijatu, mai ba malamai shawara, an taɓa koya mata sha'anin yara irin wannan. Zai kai mata magana.

Rumbu ya kai inda sai an shiga ciki ake ɗebowa. A Maris.

Alhamis, 11 ga Maris

Ta zo. A kan moto, babur, da kanta take tuƙi, yara suna bin ta a guje. Gajeruwa ce, da tabarau. Ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ta zauna kan tabarma ba ta nemi kujera ba.

Ta buɗe kaye ta ce, "Mene ne sunan yarinyar?" Na dubi Inna. Inna ta faɗa. Madam ta kalle ni ta saman tabarau. "Au, ta fari ce? Ni ma ta fari ce. Har uwata ta rasu 'waccan' take ce mini."

Ta karanta wa yarinyar wani labari sau ɗaya, ta yi mata tambaya goma. Ta amsa tara. Ta ba ta lissafi da baki, kafin ta rufe baki an ba ta amsa. Inna ta ce, "Kin gani? Rubutun ya yi aiki." Sai Madam ta miƙa mata labarin nan dai ta ce ta karanta. Layi biyu, kamar mai hawan tudun yashi da tulu.

Madam ta ce abin yana da suna, disleksi. Ba aljani ba ne, ba firgici ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma a warkewa kamar zazzaɓi. Da shi aka haife ta. Kanta lafiya lau, hanyar da baƙi ke bi ya shiga ce ke da ƙunci. Ana koyon zama da shi.

Daga nan ta ciro wani ɗan kwali daga jaka, an yanke masa siririyar taga a tsakiya. Ta ɗora kan littafi, layi ɗaya kaɗai ake gani, sauran duk a rufe.

Yarinyar ta fashe da kuka.

Na san kwalin nan. Na sha samun irinsa a aljihun rigar Malam in zan yi wanki. Na ɗauka shara ce. Da su nake hura wuta. Bayan sadakar bakwai na tattara wajen guda biyar daga cikin littattafanta na zuba a murhu, tana tsaye tana kallo.

Da na gaya wa Madam cewa Malam yana da irinsa, ta ce, "Wa ya koya masa?" Yarinyar ta ce ba kowa. Madam ta ce, "Ni sai da aka kai ni Yamai aka nuna mini."

Juma'a, 12 ga Maris

Na zazzage jakarsa. Guda ɗaya ya rage, na kwalin sukari, gefen ya yi baƙi da yatsansa. Na ba ta. Ban iya kallon fuskarta ba.

Asabar, 20 ga Maris

Madam ta dawo da tsari. Za ta je wa dirakta da kanta. Mushe Mumuni zai mai da yarinyar layin gaba, ya daina sa ta karatu a gaban aji. A gida, kullum ta rubuta kalmomi goma da yatsa a kan yashi tana faɗi da baki, ta karanta rabin shafi da kwali. Sannan dole wani ya riƙa karanta mata darussa kamar da.

Na ce, "Wa?" Ta ce, "Ke."

Na ce faransancina ya yi tsatsa. Ta ce tsatsa ta fi babu. Na ce ai ta san al'ada. Ta ce, "Na sani. Kunyar ki ajiye ta a rumbu, na ji an ce akwai wuri."

Inna ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Litinin, 22 ga Maris

Na gwada. Ni a cikin ɗaki, ita a waje, labule tsakaninmu. Muryata tana rawa kamar ranar da mushenmu ya sa ni durƙuso a kan tsakuwa. Na karanta tarihi, ina tuntuɓe. Daga bayan labule sai na ji, a hankali, ta gyara mini kalma. Ba ta ga littafin ba. Ta taɓa jin kalmar a bakin babanta.

Inna ta ce, "Makauniya na jan gurguwa, Allah ya kai ku Tasawa lafiya."

Laraba, 31 ga Maris

Shiru daga dirakta. Jibi ake rufe sunaye.

Juma'a, 2 ga Afrilu

An sa sunanta.

Mushe Mumuni ya aiko da labari. Madam ta sa dirakta ya yi wa yarinyar tambayoyi da bakinsa a gaban malamai, daga kowane darasi ya ga dama. Ya yi har ya gaji. Bai janye maganar da ya yi kan Malam ba. Ya dai ce in ta ci sifiri a dikte, wanda ke kayar da yaro a jarrabawar gaba ɗaya, alhakin yana wuyan Madam.

Lahadi, 11 ga Afrilu

Na fita takaba. Na yi wanka, na sa zanen da ba na takaba ba. Na taka ƙofar gida na ga garin ya rame. Gidaje da yawa an jingine ƙyaure da ƙaya.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Yaya Bawa ya tara mu. Hatsi ba zai kai ƙarshen wata ba. Zai kwashe gidan gaba ɗaya zuwa wajen dangi a ƙasar Daura, sai ruwa ya sauka a dawo. Na ce jarrabawa a Yuni take.

Ya ce, "Takarda ake ci? Yarinyar da ko wasiƙa ba ta iya karantawa ba, a kanta za ki kashe ƙannenta?"

Ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar ni. Na ce ya tafi da ƙananan biyu, ni da ita za mu zauna. Ban taɓa yi masa musu ba tunda aka kawo ni gidan nan. Inna ta ce ita ma ba inda za ta, ƙafarta ba ta san Najeriya ba.

Litinin, 19 ga Afrilu

Sun tafi da asuba. Ƙaramin bai farka ba har aka ɗora shi a amalanke. Idan na yi kuskure fa?

Talata, 4 ga Mayu

Anza muke ci, 'ya'yan itacen daji. Kwana uku a ruwa ana sauyawa kafin ɗacin ya ragu, kuma bai raguwa duka. Ajinsu daga sittin da uku ya koma talatin da takwas.

Ta ce in tana jin yunwa baƙaƙen sun fi gudu.

Dikte: kuskure goma sha huɗu. Mushe ya ce sai ya sauko sosai kafin a tsira daga sifiri.

Laraba, 12 ga Mayu

Na yi abin da ba zan manta ba. Kalma ɗaya, sau shida tana rubuta ta a yashi, sau shida tana juya baƙi ɗaya. Na daka mata tsawa na ce, "Ke wace irin doluwa ce?"

Kalmar da Malam ya yi shekara shida yana tare mata, daga bakina ta fito.

Ba ta yi kuka ba. Ta shafe yashin ta sake rubutawa.

Alhamis, 13 ga Mayu

Yau na cire labulen. Na ce haske ne bai isa ba. Na ɗauki tabarma na kai ƙarƙashin bedi. Gwiwarta tana taɓa tawa. Ashe tana da tabo a bayan kunne, ban san yaushe ta samu ba.

Asabar, 29 ga Mayu

Mako uku ba Madam. An ce babu isansi, man moto, a ofishinsu. Sojoji sun kawo hatsi mai sauƙi a garin Kona, na bi layi tun hantsi har la'asar, na samo abin da zai kai mu 'yan kwanaki. Shanun Fulanin da ke bayan gari suna faɗuwa, ba mai ɗaga su.

Kuskure tara.

Talata, 8 ga Yuni

Madam ta zo a motar kasuwa, ta rame ita ma. Ta kawo takarda mai hatimi daga anspekta: an yarda yarinyar ta shiga da kwalinta, a kuma zaunar da ita gaba inda za ta ga bakin mai dikte. Ta nemi a ƙara mata lokaci, an hana.

Ta ce wa yarinyar, "Kada ki yi kokawa da dikte. Ki rubuta abin da kika tabbata, ki tsira. A lissafi da tarihi za ki rama." Ta yanka mata sabon kwali mai kyau. Yarinyar ta karɓa ta gode, amma na san wanda za ta ɗauka.

Na raka Madam bakin hanya na ce, "Ki gaya mini gaskiya." Ta ce, "Rabi da rabi, Habsatu."

Talata, 22 ga Yuni

A Kona aka yi. Na raka ta, mutane suna kallona, uwa ta rako 'yar fari.

A ƙofa akwai wani mai kaki yana laluben yara. Ya zaro kwalin sukarin daga hannunta. "Wannan fa? Satar amsa tun daga ƙofa?" Ya juya shi, ya ɗaga sama, ya leƙa ta tagar da ido ɗaya. Na ga zai yaga.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Ni da ko inuwar kaki nake gudu. Na miƙa masa takardar hatimi, na ce masa da faransancin da ya rage mini, na babanta ne, ya rasu. Ya karanta, ya daɗe. Ya mayar mata ya ce, "Wuce, 'yar sukari."

Na zauna gindin katanga har aka tashi. Da ta fito ban tambaye ta ba, ba ta gaya mini ba.

Alhamis, 1 ga Yuli

Ruwa ya sauka. Mun yi shuka da irin da Inna ta ɓoye a cikin tulu. Ba labarin sakamako. Ba labarin Daura.

Asabar, 17 ga Yuli

An kira sakamako a filin lakwal. Ta ƙi zuwa, ta ɗauki hauya ta tafi gona. Ni na je, na tsaya can baya. Dirakta yana kiran sunayen waɗanda suka ci, daga na sama. Goma. Goma sha biyar. Na fara neman hanyar da zan bi in fita ba a gan ni ba.

Ita ce ta biyun ƙarshe. Dirakta ya kira sunan, ya kira na babanta a bayansa, sannan ya ɗan tsaya ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Mutane suka amsa.

Lahadi, 18 ga Yuli

Inna tana ta ba mata labari, wai an ji ni tun daga rijiya har gona ina kwala kira, ɗankwali a hannu. Wai yarinyar ta waiga ta kowane gefe tana neman mai kiranta, don ba ta san sunanta a muryata ba. Inna tana ƙari. Sau biyu ne kawai, kuma gonar da nisa, dole a ɗaga murya.

Zara'u.

To, ga shi na rubuta. Ba abin da ya faɗo.

Jiya da la'asar na sami kaina ƙarƙashin bedi da littafi, alhali an gama jarrabawa. Na gaya wa Malam a zuciyata. Ban ji haushin nan ba, ban san ranar da ya tafi ba.

Madam ta aiko cewa za ta rubuta wa malaman kolej tun kafin Oktoba, kada su fara daga inda dirakta ya fara. Ta ce littattafan can sun fi waɗannan kauri. Na san sun fi ƙarfin faransancina.

Ƙananan ba su dawo daga Daura ba. Ba a samo gidan da Zara'u za ta sauka a Tasawa ba, kuma ba a samo wanda zai riƙa karanta mata a can ba.